Gidanmu na Ƙarshen Layi a Anka

Mutum biyu suka mallaki gidan kafin ya zo hannunmu. Wani baƙo mai sayen zinari ne ya gina shi, lokacin da haƙar zinari ke tashe a ƙauyen Bagega. Da bulo ya yi shi, ɗaki uku da zaure, ya rufa kwano, ya haƙa rijiya. A tsakar gidan ma'aikatansa ke daka dutse. Da 'ya'yansa biyu suka rasu a damina ɗaya, aka ce gubar dalma ce, sai ya sayar wa wani mahauci ya koma garinsu. Mahaucin bai taɓa tarewa ba, awaki ya ɗaure ciki har ya gaji ya sa shi kasuwa.

Babana malamin firamare ne, da ya yi ritaya ya saya. Kafin mu tare sai da aka kankare ƙasar tsakar gidan, aka zubo sabuwa, aka toshe rijiyar da siminti. Ba mu damu ba, don akwai famfon burtsatse a bakin layi. Makaranta na nan kusa, ga masallaci, ga ɗan asibiti, ga mai injin niƙa. Namu ne gida na ƙarshe. Bayan katanga gonakin gero ne iyakar ganinka, kuma abin da Inna ta fi so ke nan, wai iska na shigo mata.

Shekarar da Baba ya rasu, wata rana da hantsi, ɓarayin daji suka fito ta cikin geron nan suka tafi da maƙwabcinmu mai gyaran babur. Bai dawo ba. Daga nan unguwar ta fara watsewa. Mai niƙa ya ciro injinsa, malamai suka daina zuwa, famfon ya lalace ba mai gyarawa.

Inna ta ce mini, "Nemo dillali a saida gidanga. Na gaji da zama ina kallon katanga."

Mutum uku dillalin ya kawo. Na fi tuna na biyun, wani ɗan kasuwar hatsi. Ya yaba ginin, ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya taka turmin Inna ya leƙa baya.

"Mi ke nan?"

Na ce gona.

"Bayan gonar hwa?"

Ya sauko ya karkaɗe rigarsa, ya ce Allah shi kawo mai rabo.

Na ukun daga Gummi ya zo, shi kwano da ƙyamare kawai yake so ya cire. Inna ta ƙi, ta ce ba za a tsiraita gidan mijinta tana raye ba. Muka kulle shi, ta koma ɗaki guda a gidan ƙanenta cikin gari, da takardun gidan a ƙasan akwatinta.

Bara na je dubawa, na tarar an karya kwaɗon. Wani dattijo ne da iyalinsa, sun gudo daga wani ƙauye ta wajen Bukkuyum. Ya miƙe da sauri yana ba ni haƙuri. Na ce su zauna, ba wanda ke son gidan.

Ya ce, "Mun gode, ɗana. Mu ma wuri muke nema can cikin gari. In mun samu sai mu ja maka ƙofa."

Inna ta tambaye ni ko an samu mai saye. Na ce mata ana dai zuwa gani.