Dubu Huɗu da Ɗari Huɗu da Arba'in da Huɗu

Ina jego a gidanmu na Yakasai, kwanana goma sha biyu da haihuwa, aka bugo waya cewa mota ta buge maigidana a kan babur, an shiga da shi tiyata. Na zari mayafi, Inna mahaifiyata ta tare ƙofa.

"Da ɗanyen jikin za ki fita? Zauna. Salatin Nariya za mu yi masa, ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Adadin nan kamar haƙoran makulli yake, in ya ragu ko ya ƙaru ba ya buɗewa."

Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, don haka rabon ya faɗo kaina. Mu bakwai ne a tsakar gida, lambar kuwa ta ƙi bakwai ƙememe. Ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa biyar ko shida. Huɗu ce sau goma sha ɗaya sau ɗari da ɗaya, iyakarta ke nan, mai taurin kan tsiya. Na san ana iya ƙara wa wasu ɗai-ɗai, amma tsoron kuskure ya hana ni. Na yi ta yi wa ƙannena tsawa har aka nemo maƙwabta huɗu muka cika sha ɗaya.

"Kowa ɗari huɗu da huɗu," na ce. "Don Allah kada wadda ta kuskure."

Carbina mai ɗari ne. Zagaye huɗu, sai guda huɗu a kai. Ɗan firamare ma ya iya wannan. Ina cikin jan carbin sai jaririyata ta tsala kuka. Na ɗauke ta na ba ta nono, bakina bai daina motsi ba, hankalina yana asibiti. Da yatsana ya iso kan carbin, sai na rasa ko zagaye na uku na gama ko na huɗu.

In na ƙara, wataƙila na zarce da ɗari. In na tsaya, wataƙila na gaza da ɗari. Sauran mata duk sun shafa, har tsohuwar maƙwabciyarmu da ba ta taɓa shiga aji ba, sun zuba mini ido. Kunya da tsoro suka ɗaure mini harshe. Na ja guda huɗu na shafa.

"Ya cika?" in ji Inna.

"Ya cika."

Ana kiran la'asar yayan maigidana ya yi sallama daga soro. Daga muryarsa kowa ya gane an yi rashi.

Na san ajali ba ya jiran ƙirgen kowa. Na yarda da haka, ni ma ina faɗa wa wasu. Amma yarinyar nan yanzu tana aji uku, kuma har yau in Inna tana ba da labarin ranar, takan ce, "Mun yi iya yinmu, adadi ya cika cif." Ni kuwa sai in tashi in shiga ɗaki.