Takardun Talla a Ƙofar Baba Idi

Ni ba a gidan ɓarayi na tashi ba. A Rusaifa aka haife ni, mahaifina turare yake sayarwa, kakana kuwa ta Sudan ya biyo ya zo Makka. Sana'ata ta farko rabon takardun talla ce, na gidajen abinci da na masu feshin kyankyaso. In shiga bene, in cusa a akwatin wasiƙun kowane gida, in ya cika in soka a jikin ƙofa. Ba wanda ya roƙe mu, ba mai karantawa. Shara kawai muke kai wa mutane har gida.

A nan ido ya fara buɗe mini ta mummunar hanya. Na lura gidan da akwai mutane, kafin gobe an kwashe takardun. Inda suka kwana huɗu suna tara ƙura, masu gidan sun yi tafiya. Na fara da takalman da aka bari a waje. Daga takalmi na koma koyon buɗe ƙofa, har na daina ganin abin a matsayin sata.

Wata Juma'a, ana masallaci, na shiga wani bene a Aziziyya. Akwatin wani gida ya cika har yana zubarwa, takarduna na mako guda suna nan yadda na bar su. Na buɗe na shiga, wari ya tare ni. Ashe da mutum a ciki. Wani tsoho ne Bahaushe, Baba Idi, ya faɗi a ƙasa kwana biyu, wayarsa tana kan tebur inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Ya waladi, ɗana, Allah ne ya kawo ka. Ba ni ruwa."

Ban ba shi ba. Wayar na ɗauka na sa a aljihu na fita. Har yau in na tuna, ƙyamar kaina nake ji kamar na taka kashi da ƙafa ba takalmi.

A matakala na yi kiciɓis da mai gadin benen ya dawo daga masallaci. Ya riƙe ni, aka taru, kuma da aka ga ƙofar a buɗe ne aka sami Baba Idi aka kai shi asibiti. Ina tsare mahaifina ya zo, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Tsohon ya farfaɗo. Ya ce a gaya maka ya yafe. Wai duk benen, ɓarawo ne kaɗai ya lura da ƙofarsa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi zaman gidan yari na fito, na tarar ya rasu.

Ku matasa, kada ku ce takalmi ne kawai. Ku liƙa rubutu a akwatinku cewa ba ku son talla, ku kwashe wadda aka zuba kullum, in za ku yi tafiya ku bar wa maƙwabci amana. In kuma kun ga takardu sun taru a ƙofar wani, ku kwashe su, sannan ku ƙwanƙwasa. Kada ku tafi sai an amsa.