Ɗanbaba da Takalman Manyan Gari

Ɗanbaba yana yaro yana kiwon awaki a ƙasar Zazzau aka sure shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka tsallake teku da shi. A Itapuã, ƙauyen masunta kusa da birnin Salvador, ya girma yana narka kitsen ƙaton kifin nan da ake man fitila da shi. Da ƙarfinsa ya kawo, aka mai da shi mai ɗaukar maigida a kujerar kafaɗa. Sai da gwiwarsa ta mutu, maigidan ma ya mutu, sannan aka ce an 'yanta shi. Wai har ana jira ya yi godiya.

A Bahia, yankin da Salvador take, bawa ba ya sa takalmi. Don haka ranar da Ɗanbaba ya mallaki kansa, bai nemi abinci ba sai da ya sayi takalma baƙaƙe. Suna matse shi, yana tafiya kamar agwagwa, amma in ba alwala da salla ba, ba ya cire su.

Ana nan sai Dona Amália, jikar marigayin, ta dawo ta tarar babban gidan kakanta ya zama na jemagu. Ta sa aka sake rufi, aka shafe bango da farar ƙasa. Lantana, tsohuwar da suka yi bauta tare da Ɗanbaba, ta goge daɓen katako da kakin zuma har yana ɗaukar ido. Nufin Dona, duk Lahadi manyan gari su zo su ga yadda kakanta ya ci zamaninsa. Aka kakkaɓe tsohuwar kujerar aka ajiye a falo, ta ce Ɗanbaba zai tsaya gefenta ba takalmi, kamar da.

"Ranki ya daɗe, ai ni ɗa ne yanzu."

"Na sani, Baba. Na kallo ne kawai. In kuma ba ka so, akwai masu son ɗakin da kake kwana a gidan nan."

Ji rashin kunya. Tsoho da furfurarsa, ko ya tuɓe takalmi a gaban jama'a, ko ya koma kwana kan rairayi.

Ranar Lahadi Dona tana sama tana kwalliya, Ɗanbaba ya je ya tsaya bakin ƙofa da takalmansa. Baƙin farko wani alƙali ne da matarsa. Ya rusuna musu.

"Maraba da manya. Sai dai al'adar gidan nan tun zamanin marigayi, ba a taka daɓensa da takalmi. Yakan ce haka ake yi a manyan gidajen Turai."

Alƙali bai taɓa zuwa Turai ba, kuma ba ya so a gane. Ya ce, "Ai na sani." Ya sunkuya yana nishi ya tuɓe, sai ga babban yatsa ya leƙo ta hujin safa. Waɗanda ke bayansa suka bi sahu.

Lantana ta matso ta ce da Hausa, "Tsohon banza, Allah na ganinka."

"Yana gani, 'yar'uwa. A garinmu wa ke shiga ɗakin mutane da takalmi? Tarbiyya nake koya musu."

Dona ta sauko ta ga manyan gari suna santsi a falonta ba takalmi, sai ka ce bayi. Kafin ta buɗe baki, matar alƙali ta kama hannunta ta ce, "Kin kyauta da kika riƙe al'adar kakanki." Sannan ta saukar da ido kan ƙafar Dona. Dona ta sunkuya ta cire nata.

Ta zo bakin ƙofa tana magana ta cikin haƙori. "Me ya hana ka tsayawa wurin kujera?"

"Ranki ya daɗe, to wa zai tsare takalman alƙali? In ɗaya ya ɓace, sunan gidanki ne. Mai tsayuwa a waje kuwa, ƙasa da zafi, dole ya sa nasa."

Dona ta dubi jerin takalman, ta dubi alƙali, ta juya ta koma ciki.

Ƙofar nan Ɗanbaba ya ci gaba da tsarewa har ƙarshen rayuwarsa, ɗakinsa kuma ba wanda ya sake tayar da maganarsa. Kujerar kuwa kyanwar Lantana ce ta gaje ta.