Irin da Chindo Ya Kawo

Chindo mai ɗinkin ƙwarya ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Jakarsa ta fata, da basilla, da bakin da ba ya hutawa, su ke nan dukiyarsa. Yana bin kasuwanni, daga Illela zuwa Tsarnawa, daga nan Konni, ya zauna gindin itacen bedi mata su kewaye shi da fasassun ƙore. Matan manoma na gefe ɗaya, Fulani masu nono na ɗaya gefen, shi yana tsakiya yana ɗinki yana kwasar labari. A da ina yi masa kallon malalaci, ban ɓoye ba.

Shekarar fari ta saba'in da uku ta ƙare mu. Da yunwa ta matsa, na sauko da damin irin da na rataye a rumbu, matata Zalika ta daka, muka ci. Wanda bai yi noma ba ba zai san kunyar wannan ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuwa ba ni da ƙwaya ɗaya da zan sa a ƙasa, ga 'ya'ya huɗu.

Ban gaya wa kowa ba, girman kai ya hana. Zalika ce ta faɗa wa Chindo a wurin ɗinki, na kuwa yi ta faɗa kwana biyu.

Bayan kasuwa uku sai ga shi a ƙofar gidana da ƙunshi a ka.

"Munkaila, amshi. Tahi ka shibka."

"Malam Chindo, ina ka samo?"

"Ni mi gare ni? Magana kaɗai na kai."

Ashe ya gaya wa Adda, Bafulatanar da shanunsu ke cin karan gonata bayan girbi. Ita ta karɓi zangarniyar gero ta iri a matsayin kuɗin nononta a wani ƙauye bayan Illela, ta ba direban motar kasuwa. Direban ya ƙara tafi biyu na gidansu. Wata mai tuwo a Konni da aka ajiye ƙunshin wurinta ta zuba nata, daga can Chindo ya ɗauko. Yawancinsu ko sunana ba su sani ba.

Gonar ta fito a hargitse, wani geron dogo, wani gajere, wani mai gashi. Maƙwabta suka yi ta dariya, ni ma raina ya ɓaci. Sai ruwa ya ɗauke mana da wuri. Dogon ya bushe a tsaye, gajeren kuwa ya riga ya nuna.

Ranar da Zalika ta dama furar sabon gero, na tsaya ina kallon yaran suna sha har suka ture ƙwaryar da kansu. Na juya baya don kada su ga hawayena. Har yau ina yi wa mutanen nan addu'a, waɗanda na sani da waɗanda ban taɓa gani ba.