Gicciyen biro a hannun hagu

A masana'antar kwali da na yi aiki a unguwar masana'antu ta Jidda, kowa Alhaji yake ce mini. Bahaushe a Jidda, me kuma zai zama? Ni kuwa Kirista ne ɗan Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Wanda ya cike mini takardu a gida ya ga sunana, bai ko tambaye ni ba ya rubuta Musulmi, haka kuma ya fito a iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar. 'Yan uwana Hausawa da muke haya tare a unguwar Waziriyya mutanen kirki ne, kwano ɗaya muke ci, amma ban taɓa faɗa musu addinina ba. Abin da ke cina a rai ɗaya ne: in na faɗi na mutu a garin nan, babu mai sanin ko ni wane ne, balle a yi mini addu'a irin tamu.

Wata rana inji ya shaƙe, aka kira makanikenmu, wani dattijo Bamisire mai faɗa kamar ya ari baki. Ya naɗe hannun riga zai zura cikin injin, sai ga zanen ɗan gicciye shuɗi-shuɗi a wuyan hannunsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Murna ta kama ni har na saki kwalayen da ke hannuna. Ashe duk zaman nan da ɗan uwana nake gaisawa kullum safe!

Da aka tashi cin abinci na bi shi bayan sito, na ce da guntun Larabcina, "Mu'allim, ni ma irinka ne."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya saki hannun rigarsa ya rufe gicciyen. "Yalla, ya Hajji, koma bakin aikinka."

Ban ga laifinsa ba, wa ya san wanda ya aiko ni? Amma zumuɗi bai bar ni na haƙura ba. Washegari na ari biron mai gadi, na zana wa kaina gicciye rangaɗaɗau, na je na miƙa masa hannu kamar mai nuna sabon agogo.

Dattijon nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ɗan leƙen asiri ba zai yi wauta irin wannan ba. Na farko, a hagu na zana, nasu na Kiristocin Masar kuwa a dama yake. Na biyu, nawa ya kusa kai gwiwar hannu, ana hango shi daga bakin ƙofa. Ya lashi babban yatsansa ya murje shi tas, yana ce mini majanuni, ni ma ina ta dariya, hawaye na zuba ban sani ba.

Sai ya zaunar da ni a kan kwali, ya gutsura mini burodi da dafaffen wakensa da suke kira ful. Ya ce nasa tun yana jariri aka yi masa, a ƙofar coci, da allura, uwarsa na riƙe da shi yana tsala ihu. Ba ado ba ne. In ya ɗaga hannu zai mari wani, ko zai karɓi abin da ba nasa ba, shi yake fara gani, sai kunya ta kama shi. Uwar kuma ta ce masa ko a ina ajali ya riske shi, mai wanke shi zai san ɗan wane gida ne.

Nan dariyata ta tsaya. Na ce, "To ni fa, Mu'allim? Ko takardata ba ta san ni ba. Ka yi mini irin naka, ko da allurar ɗinkin buhu ce."

Ya ce a'a, wannan sai a gida, a gaban mutanena, ba a bayan sito ba. Ya kama hannuna na dama, ya dafa wurin da babban yatsansa mai baƙin mai.

"Halas, shi ke nan, ɗana. Kafin ka koma gida, in wani abu ya same ka, ni zan tsaya in faɗa musu ɗan wane gida ne kai."