Tulun Iri na Katuzu

Asuba ta yi mana a tashar Nguru, ni da wata 'yar ƙungiyarmu ta mata manoman shinkafa, da buhu a naɗe a hammata. Iri muka fita nema. Ambaliyar bara ta cinye rumbunmu, ta tafi da jar shinkafar nan tamu mai bin ruwa, wadda ko ya kai ƙirji sai ta ɗago kai. Ta kasuwa kuwa, ruwa na haura gwiwa ta mutu.

Ni ban damu ba. Tun zamanin iyayenmu ba ma tara iri wuri guda. Duk kaka nakan kai tulun iri ɗaya Katuzu wurin wata aminiyata, ita ma ta kawo nata, don in ruwa ya ci gari ɗaya, ɗayan ya tashe shi. Na bugi ƙirji gaban mata na ce su gyara gonaki kawai.

Hanya kam sai addu'a. Direba ya cusa mu kamar bandar kifi, kuɗin mota kuma ya ninka, wai mai ne. A Jajimaji na sayi ƙosai, ƙanƙantarsa har abokiyar tafiyata ta ce in haɗiye da ruwa kamar magani. Daga Gashua muka hau babur, ga fadamu ciyawar kachalla ta cinye rabinsu.

Da muka isa Katuzu muka yi sallama, surukar gidan ce ta fito. Ashe aminiyata ta rasu tun da sanyi, ba wanda ya aiko mini. Na yi gaisuwa, na yi kukana, sannan na tambayi tulun da aka liƙe bakinsa da laka a bayan gadonta.

"Wayyo Iya, wannan jar? Ai ita muka dafa ranar sadakarta. Wallahi ta yi daɗi, mutane har tambaya suke ina muka samo."

Ban ga laifin yarinyar ba. Shinkafa ta gani, ga baƙi cike da gida. Mu tsofaffi biyu kaɗai muka san me ke cikin tulun nan, ɗaya kuma ta tafi da saninta. Muka juye shi a tabarma. Tokar da muke adana iri a ciki ce ta zubo, sai 'yan ƙwayoyin da ba su rufe tafin hannuna ba.

La'asar sakaliya muka iso gida. Mata na zaune a ƙofata, idonsu kan buhu, buhu kuwa yana nan a naɗe yadda ya tafi.

Abin da na gano ke nan: ƙungiya ba rumbu ne ke riƙe ta ba, yawan waɗanda suka san inda za a nufa ranar da rumbun ya faɗi ne. Na kwance bakin zane na nuna musu ƙwayoyin, na ce kowa ta matso ta gani da kyau. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas.