Ƙusar da Baba Ya Bari Babu Safa

A masana'antar katako Mai Usur ake ce wa babana. Shi ne wakilin ƙungiyar ma'aikata, kuma da ya ga abin da zai ji wa mutum ciwo sai ya busa usur ɗinsa, ko da manaja na tsaye. Mutum ne gajere, mai baki kamar reza. Hannunsa na dama babu ɗan yatsan tsakiya, babban zarto ne ya cinye shi tun ina goye.

Zarton nan da murfinsa ya zo, amma aka kwance murfin, wai yana rage saurin aiki. Wanda ya yanke kuwa sai ya danna garin katako a ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya yi gum don kada a sallame shi. Baba ya yi magana har bakinsa ya gaji, kullum sai a ce masa ana dubawa.

Kwatsam sai aka ce mijina, wanda shi ma a can yake aiki, shi ne zai koma kan zarton. Na je gida ina kuka, Baba ya ce in share hawayena, ba zai bari a yi wannan ba.

Ashe tun da daɗewa duk wanda ya ji rauni sai Baba ya karɓi safar hannunsa ya ajiye a buhu. Ya zazzage buhun a tsakar gida, ya ba ni almakashi, ya ce in datse wa kowace safa yatsun da mai ita ya rasa. Innata tana ta mita wai tsohon nan zai ja mana kora, amma ita ce ta fi kowa saurin yanka.

Ranar da ƙungiya ta ware don tunawa da waɗanda aiki ya raunata, sai ga bangon ƙofar masana'anta cike da ƙusoshi. Baba yana kiran mutum, mutum ya fito ya rataya safarsa da kansa. Na waɗanda suka rasu, matansu suka rataya. Kai, ranar na ga jama'a! Har masu dako da masu shara sun ajiye aiki, inji ko ɗaya bai tashi ba.

Manaja ya fito da faɗansa, sai ya yi turus. Ya bi safofin da kallo har ya kai kan ƙusa ta ƙarshe, wadda babu komai a jikinta. Ya tambaya ta wane ne.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ta wanda zai hau zarto gobe ce. Mijin 'yata ne. Na buga masa ne tun yanzu don kada mu sha wahala daga baya."

Kafin lokacin tashi daga aiki an lalubo murfin a sito, duk ya yi tsatsa, makaniki ya ɗaure shi ma'aikata na ta tafi.

Da yamma Baba ya shigo gidana yana dariya, filaya a aljihu. Ya kama hannuna da nasa mai giɓin, ya sa mini ƙusar nan ta mijina a tafin hannu, ta ɗan lanƙwashe wajen cirewa.

Ya ce, "Ungo, 'yar Baba. Ki rataya madubi da ita."